Wa ya tsaya wa takardar Jidda?

Shekaru da dama aikina a wurin sulhu shi ne riƙe alƙalami. Kawuna, Allah ya jiƙansa, yana cikin dattawan da ake kira a yankinmu na Sinnar idan shanu suka shiga hawashar wani, wato gonarsa, ko aka yi rikicin iyakar gona har jini ya zuba. A nan Sudan ajawid muke ce wa irin waɗannan dattawa, zamansu kuma judiyya. Da yake ni na yi makaranta, ni ke zama a gefen tabarma ina rubuta abin da aka tsayar. Abu na ƙarshe da nake rubutawa kafin a shafa fatiha shi ne sunan wanda ya tsaya. Kowane ɓangare sai ya kawo mutum mai gida da dukiya da mutunci a gari, ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a cewa in ɗan'uwansa ya karya magana a zo wurinsa. A ƙayyade abin da zai biya, buhun dawa kaza, ko saniya, ko kuɗi. Ranar da ba a samu mai tsayawa ba, Kawu yakan juyo ya ce mini, "Ɗana, ajiye alƙalaminka, ba a gama ba." Sai kowa ya tashi, a sake zama gobe.

Da wannan idon nake karanta duk takardar da manyan hukumomin duniya suka fitar a kan yaƙinmu tun ranar 15 ga Afrilu 2023. Ni ba masanin siyasar duniya ba ne, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Amma na san takardar da aka gama da wadda aka tashi ba a gama ba.

Ta Jidda ce ta fara sa mana rai. Ranar 11 ga Mayu 2023, wata guda bai cika da fara harbe-harbe a Khartum ba, wakilan soja da na Da'am Sari, wato rundunar RSF da ke yaƙi da sojan, suka sa hannu a gaban Saudiyya da Amurka. Na karanta ta a wayata, na sake karantawa. Wanda ya tsara ta ya iya aikinsa. Ta ce a bar fararen hula su fita lafiya zuwa inda suka zaɓa, a fice daga asibitoci da tashoshin ruwa da na lantarki, a daina wawashe dukiyar mutane, a bar kayan agaji su wuce, a bar ma'aikatan agaji su kwashe gawawwaki a binne su. Babu layi ɗaya da zan soke a cikinta. Amma na bi ta har ƙasa, ban ga sunan mai tsayawa ba, ban ga abin da wanda ya saɓa zai biya ba. Ranar 20 ga watan aka ƙara da yarjejeniyar tsagaita wuta ta kwana bakwai, aka kafa kwamitin sa-ido mai wakilan masu shiga tsakani da na ɓangarorin biyu. Kwamitin nan bai da masu sa-ido a titunan Omdurman da Bahri waɗanda za su tsaya su ce ga wanda ya fara harbi. Kafin watan Yuni ya yi nisa zaman ya watse.

A lokacin ina Madani, inda na yi yawancin shekarun aikina. Garin ya cika maƙil da waɗanda suka gudo daga Khartum, azuzuwan makarantu sun koma ɗakunan kwana, an raba aji ɗaya da zannuwa tsakanin iyali uku ko huɗu. Kowa na cewa Madani ba za a taɓa ta ba, ai a nan ƙungiyoyin agaji suka tare. A Disamban 2023 garin ya faɗi. Muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, muka yo Gadarif, inda nake zaune har yau a gidan wani ɗan'uwa. Danginmu na wajen Sinja suka biyo mu a tsakiyar 2024 da nasu garin ya faɗi. Soja ya ƙwato Sinja a Nuwamban 2024, ya ƙwato Madani a Janairun 2025, wasu sun koma, wasu da suka je suka ga abin da ya rage na gidajensu sun dawo. Duk wannan ya faru takardar Jidda tana nan da sa hannun kowa a jikinta.

Yara a unguwarmu sukan tambaye ni, Malam, to ina Majalisar Ɗinkin Duniya? Nakan zauna in yi musu bayani, domin ina ganin wanda bai san yadda hukuma ke aiki ba ba zai san abin da zai nema a wurinta ba. Kwamitin Sulhu kujeru 15 gare shi. Biyar na dindindin ne, Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa. Sauran goman ana zaɓensu na shekara biyu biyu, uku daga ciki na Afirka. Ƙuduri sai ya samu ƙuri'a tara, kuma kada ɗaya daga cikin biyar ɗin ya hau kujerar na-ƙi. A dokance abin da wannan kwamiti ya zartar ya fi kowace takarda a duniya nauyi, domin shi ne ke da ikon sa takunkumi da ikon aika soja.

Ranar 8 ga Maris 2024 ya zartar da ƙuduri mai lamba 2724, yana kiran a tsagaita wuta albarkacin azumi. Mun yi azumin nan da ƙarar bindiga a rabin ƙasar. Ranar 13 ga Yuni 2024 ya zartar da 2736, ya buƙaci Da'am Sari ta janye ƙawanyar da ta yi wa Fashir, babban birnin Darfur ta Arewa. Ƙasashe 14 suka goyi baya, Rasha ta ƙaurace. Bayan wannan rana mutanen Fashir sun ƙara fiye da wata 16 a cikin ƙawanya, har suka kai ga cin ambaz, tunkuzar gyaɗar da ake ba dabbobi. Ranar 26 ga Oktoba 2025 garin ya faɗi, kuma abin da aka yi wa mutanensa a kwanakin da suka biyo baya, waɗanda suka aikata da kansu suka ɗauka a waya suka watsa. Wata 16 lokaci ne da ya isa a ɗauki mataki iri-iri. Abin da na gani daga kwamitin a tsakanin nan shi ne sa sunan kwamandojin Da'am biyu a jerin takunkumi a Nuwamban 2024.

A wannan watan ne kuma, ranar 18, Birtaniya da Saliyo suka kawo daftarin da ke neman ɓangarorin su cika alkawarin Jidda, a kuma samar da hanyar bin diddigin cikawar. Wato dai abin da takardar ta rasa tun farko. Ƙasashe 14 suka ɗaga hannu, har da na Afirka uku. Rasha ta hau kujerar na-ƙi, ta ce tana kare 'yancin Sudan ne, gwamnatinmu kuma ta yaba mata. Maganar 'yancin ƙasa ba wasa ba ce a wurina. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, don kada baƙo ya mulke su. Na san zafin a yanke maka hukunci daga nesa. Amma daftarin nan ba soja ya ce a kawo ba. Cewa ya yi a samu mai duba ko an fita daga asibiti kamar yadda aka yi alkawari. Har yau ban gane yadda wannan zai rage wa Sudan daraja ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun makamai. Takunkumin makamai na Majalisar yana cikin ƙuduri 1591 na 2005, kuma Darfur kaɗai ya shafa. Yaƙin ya ci Khartum da Jazira da Sinnar da Kordofan, jirage marasa matuƙa sun kai har Port Sudan a Mayun 2025, amma takunkumin yana nan a iyakarsa ta shekara 20 da suka wuce. Ko a Darfur ɗin ma ba a tsare shi ba. Ƙwararrun da kwamitin da kansa ya naɗa sun rubuta a rahotonsu na Janairun 2024 cewa an kashe mutum 10,000 zuwa 15,000 a Jinena a 2023, kuma sun ce zargin da ake yi cewa makamai na shigowa daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta filin jirgin Amjaras na Cadi zargi ne mai tushe. Daular ta musanta. Sudan ta kai ƙarar Daular a Kotun Duniya, kotun ta ce a Mayun 2025 ba ta da hurumin sauraro. Soja ma yana da masu ba shi nasa. Bindigar da aka harba a Jazira ba a hawasha ta tsiro ba, wani ya ƙera ta, wani ya biya, wani ya buɗe mata filin jirgi. Tawagar binciken Majalisar ta ba da shawara a Satumban 2024 a faɗaɗa takunkumin ya game ƙasar duka, a kuma kawo runduna mai zaman kanta ta kare fararen hula. Gwamnati ta ƙi, Sakatare Janar Antonio Guterres ya ce yanayin aika runduna bai samu ba, maganar ta kwanta.

A nan nake so in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau. A Satumban 2025 ƙasashe huɗu, Amurka da Saudiyya da Masar da Daular Larabawa, suka fitar da shawarar tsagaita wuta ta wata uku don agaji, sannan miƙa mulki ga farar hula cikin wata tara. Mutane da yawa a nan Gadarif suka ce yaya wanda ake zargi da hannu a yaƙi zai zauna a kujerar mai sulhu? Suna da gaskiya. A judiyya, wanda ke da saniya a cikin garken da ya yi ɓarna ba ya zama cikin ajawid. Amma ba a korarsa daga wurin. Shi ake nema ya zama mai tsayawa, domin shi ne makiyayin ke jin maganarsa, kuma shi ne ke da abin da za a riƙe. Ƙasar da ke da ikon buga waya ta tsayar da jirgin makamai, wurinta a takarda shi ne ƙasa, inda ake rubuta: ni na tsaya wa wane, in ya saɓa ga abin da zan yi, in ban yi ba ga abin da za a yi mini. Masar ta tsaya wa wanda take mara wa baya, Daular Larabawa ta tsaya wa wanda ake cewa nata ne, kowa da sunansa. Abin da ake yi yanzu shi ne a zaunar da su a sama a matsayin masu shiga tsakani, su yi kira ga ɓangarori kamar ba su san kowa ba, in magana ta lalace ba mai tambayarsu komai.

Kada wani ya ce hukumomin Afirka ba su taɓa yin abin kirki a ƙasar nan ba. Kwamitin Zaman Lafiya da Tsaro na Tarayyar Afirka, wanda ya fara aiki a Addis Ababa a 2004, shi ma kujeru 15 ne, amma babu mai kujerar na-ƙi. Bayan kisan masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja ranar 3 ga Yuni 2019, kwana uku kacal ya ɗauka ya dakatar da Sudan. Wakilinsa Muhammad Hasan Lebat da wakilin Habasha suka yi ta kai-komo har aka sa hannu a kundin riƙon ƙwarya a watan Agusta, Abdalla Hamdok ya zama firaminista, sannan aka ɗage dakatarwar. An faɗi farashi, an faɗi abin da za a yi a cire shi, kuma an cika. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 aka sake dakatar da mu, amma a wannan karon sandar ta riga ta saba da jiki. Da yaƙi ya zo, soja ya ƙi sakin jiki da ƙungiyar da ta rufe masa ƙofa. An naɗa kwamitin manya a ƙarƙashin Muhammad Ibn Chambas a farkon 2024, an yi taruka a Addis Ababa, ba su kai ga tsayar da harbi ba. Sashe na 4 na kundin Tarayyar ya ba ta ikon shiga ƙasa in ana kisan ƙare-dangi ko laifukan yaƙi, kuma tun Disamban 2023 ƙuduri 2719 ya buɗe hanyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta biya har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin rundunar da Afirka ke jagoranta. Hanyoyin nan biyu suna nan a rubuce, ba a bi su a kanmu ba. IGAD kuwa, ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka, da ta gayyaci Hamidti, shugaban Da'am Sari, taronta na Yuganda a Janairun 2024 gwamnati ta jingine zamanta a ƙungiyar, nata ya tsaya nan a lokacin.

'Yan'uwanmu na Najeriya, ku kun taɓa tsayawa a ƙasar nan da jininku, ko da yawancinku ba su sani ba. Sojojinku na cikin na farko da Tarayyar Afirka ta kai Darfur a 2004. A ƙarshen Satumban 2007 'yan tawaye suka afka wa sansanin Haskanita, sojojin kiyaye zaman lafiya 12 suka rasu, mafi yawansu naku. Janar Martin Luther Agwai ne kwamandan farko na UNAMID, rundunar haɗin gwiwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka a Darfur, wadda aka amince mata soja da 'yan sanda kusan 26,000, Farfesa Ibrahim Gambari kuma ya shugabance ta daga baya. An soki rundunar nan sosai, an ce tana ganin ɓarna ba ta fitowa, kuma akwai gaskiya a sukar. Amma wa'adinta ya ƙare ranar 31 ga Disamba 2020, kuma a tsakiyar Janairun 2021 aka afka wa sansanin 'yan gudun hijira na Kirinding a Jinena, aka kashe mutum fiye da ɗari. Matan sansanonin Darfur da suka fito zanga-zanga suna roƙon kada rundunar ta tafi sun san abin da suke tsoro. Wadda ta gaje ta, UNITAMS, ofishin siyasa ne da ba shi da rundunar soja, ita ma an rufe ta a Disamban 2023 bisa buƙatar gwamnati.

Mu Hausawa mun ɗanɗani wannan giɓi tun kafin babban yaƙi. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a Shuɗin Nilu, wajen Rusairis da Damazin, a kan ƙasa da kuma neman da mutanenmu suka yi na samun imara a cikin sarautun gargajiya. An rasa rayuka fiye da ɗari, a Oktoba kuma Wad al-Mahi ta ci fiye da ɗari biyu. An mutu ta kowane ɓangare, kuma maƙwabta ne da suka yi shekaru suna cin kasuwa ɗaya. Shekara biyu kafin nan aka sa hannu a yarjejeniyar Juba, a Oktoban 2020, wadda aka ce ta kawo zaman lafiya a yankin. A ganina kujeru ta raba wa masu bindiga, ta bar tambayar wa ke da ikon gona a inda take. Haka hukumominmu na cikin gida. Shugaban soja da shugaban Da'am, ɗaya shugaba ɗaya mataimaki, a Majalisar Mulki ɗaya suka zauna kafin yaƙi. Majalisar dokokinmu ce ta halatta Da'am Sari da doka a 2017. Da aka zo yarjejeniyar Disamban 2022, aka bar maganar haɗe rundunonin biyu a buɗe, wannan na cewa shekara biyu, wancan na cewa goma. Masu shiga tsakani suka ci gaba da sa ranar sa hannu alhali wannan layin bai rufu ba. Daga wannan layin wutar ta tashi.

Ba na cikin masu cewa a watsar da hukumomin nan. Taron Suwizalan na Agustan 2024, wanda soja bai halarta ba, duk da haka a lokacinsa aka buɗe mashigar Adre daga Cadi, manyan motocin abinci suka shiga Darfur makonni kaɗan bayan an tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam. Akwai yaran da ke raye yau saboda motocin nan. Kwamitin Sulhu ne ya miƙa batun Darfur ga kotun hukunta manyan laifuka a 2005, kuma a Oktoban 2025 kotun ta samu Ali Kushaib, ɗaya daga cikin jagororin mayaƙan Janjawid, da laifi. An daɗe ƙwarai, shekara 20, amma shaidun da suka je suka faɗi abin da aka yi wa ƙauyukansu sun ji alƙali ya gaskata su. Duk inda aka sa sunan mutum ko sunan hanya, aka ce wane zai yi kaza ranar kaza, wani abu ya motsa.

Yayata tana cikin matan da ke girki a takiyyar unguwarmu, inda ake dafa adas da balila a manyan tukwane a raba wa 'yan gudun hijira. Kuɗin yana zuwa ne ta Bankak, manhajar banki ta waya, daga 'ya'yanmu da ke aiki a Jidda da Makka da Riyad, wani ya aiko kaɗan, wani ya aiko da yawa. Ran nan ina karanta mata labarin wani sabon taro, ta ce, "Malam, a cikin masu zaman nan akwai wanda ya taɓa rasa gawayin dafa wa mutum ɗari abinci?" Na ce mata ban ji an gayyaci masu takiyya ba, Yaya. Ta ce to su aiko da gawayin, su ci gaba da zamansu. A taron Faris na Afrilun 2024 an yi alkawarin agajin fiye da Yuro biliyan biyu saboda yaƙin Sudan. Samari da 'yan matan ɗakunan agajin gaggawa, 'yan sa-kan da suka riƙe unguwannin Khartum a lokacin da manyan ƙungiyoyi suka kwashe ma'aikatansu, an kama wasunsu, an kashe wasu, ta kowane ɓangare. Sun cancanci kaso na kai tsaye daga kuɗin nan, da kuma layi a cikin kowace yarjejeniya da ke cewa wanda ya taɓa su ga hukuncinsa.

Najeriya tana da kujera a kwamitin tsaron Tarayyar Afirka, kuma muryarta tana da nauyi a can. Masu karanta wannan a Kano da Sakkwato da Zariya, kuna da 'yan majalisa, kuna da gidajen rediyo da ake buga waya. Ku tambaya me wakilinku ya ce a Addis Ababa a kan faɗaɗa takunkumin makamai. Ku tambaya ko an taɓa kawo maganar masu sa-ido na Afirka, ko da ɗari biyu ne marasa bindiga, da za a ajiye a asibitoci da mashigun agaji. Bayan Fashir yaƙin ya karkata Kordofan, kuma Ubayyid gari ne da ke da mutanenmu da yawa tun zamanin masu zuwa hajji a ƙasa. Duk ƙudurin da za a rubuta a kansa yanzu ya kamata a rubuta shi, da sunan ƙasar da za ta aiko masu sa-ido da ranar da za su sauka.